Yadda na shafe kusan shekara biyu ina bin tauraron da ba a san jariri ne ko tsoho ba

'Yan'uwa masu karatun ilimin taurari, musamman waɗanda yanzu za su fara bincike, na ga ya kamata in zauna in rubuta duk abin da na bi ta kai tun daga ranar da malamina ya ba ni wannan aiki har zuwa yau, domin wallahi da na samu wanda ya rubuta min irin wannan tun farko da na rage aƙalla wata shida cikin wahalar da na sha. Aikin a baki gajere ne, wai akwai wani tauraro mai tsananin zafi, kewaye da shi akwai faifan iskar gas da ƙura, ana so a gane ko jariri ne da bai gama haɗuwa ba ko kuwa tsoho ne da ya fara zubar da kayan jikinsa. Ba zan faɗi lambar tauraron ba tunda takardar binciken tana hannun mai tantancewa na mujalla har yanzu, amma matakan nan haka suke ga duk wani tauraro irinsa.

Watan farko karatu kawai na yi, kuma abin da ya fara ɗaure min kai shi ne suna. Akwai Be, akwai kuma B[e], ni na ɗauka abu ɗaya ne, na yi sati biyu ina karanta takardun Be ina cika littafi da bayanai kafin in gane ba su ne nawa ba, nawa B[e] ne. To bari in warware muku tun yanzu. B ɗin aji ne na taurari masu zafin da ya kama daga kusan digiri 10,000 zuwa 30,000 a ma'aunin Kelvin, ranarmu kuwa wajen 5,800 take. Ƙaramin e ɗin yana nufin idan ka tsaga hasken tauraron ya bazu kamar bakan gizo za ka ga wasu layuka masu haske sun tsayo sama maimakon layukan duhu da aka saba gani, alamar akwai iskar gas mai zafi a gefensa tana fitar da nata hasken. Angelo Secchi ne ya fara ganin haka a 1866 a jikin tauraron Gamma Cassiopeiae. Su Be na gargajiya juyi suke yi da mugun sauri har su watso gas ya zama faifai, amma babu ƙura a faifan. Su kuwa masu e a cikin baka mai kusurwa suna da ƙarin abu biyu, na ɗaya ƙura mai ɗumi da take sa su yi haske fiye da kima a infirared, wato hasken da ya wuce ja wanda ido ba ya gani, na biyu abin da ake kira haramtattun layuka, irin [O I] na oksijin da [Fe II] na ƙarfe. Sunan yana ruɗa mutum, ba wai ba sa faruwa ba ne, suna faruwa amma sai inda gas ya yi shara-shara sosai, yadda atom zai daɗe bai yi karo da wani ba har ya samu damar sakin wannan hasken. Allen da Swings sun yi babban nazari a kansu a 1976, sannan a 1998 Lamers da abokan aikinsa suka raba su gida biyar: gawurtattun taurari tsofaffi, jarirai irin na Herbig, ƙananan gajimaren da tauraro mai mutuwa ke bari, taurari biyu da suke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka mai zafi da mai sanyi, sai gida na biyar na waɗanda aka kasa sa su ko'ina. Kusan rabinsu a wannan gida na biyar suka faɗa, nawa ma a can yake. A 2007 Miroshnichenko ya ware da yawa daga cikinsu ya sa musu sunan ɗaya daga cikinsu, FS CMa, wato tauraron HD 45677, amma har yau ana kai ruwa rana a kan asalinsu.

Abin da ya sa lamarin yake da wuya shi ne jariri da tsoho riga iri ɗaya suke sawa. Jaririn tauraro faifansa ragowar gajimaren da aka haife shi a ciki ne, kayan suna gangarowa suna faɗa masa. Tsohon kuwa shi ne yake amayar da kayan suna taruwa a tsakiyar ƙugunsa. Akwai kuma hali na uku inda taurari biyu ne kusa da juna, ɗaya na zuba wa ɗaya kaya, abin da ya zube ya kewaye su duka. Daga nesa duk ukun layuka iri ɗaya da ƙura iri ɗaya za ka gani. Ku duba tauraron MWC 349A da ke cikin rukunin taurarin Cygnus, shekaru da yawa manyan masana suna ja-in-ja a kansa, wasu su ce jariri wasu su ce tsoho. Ranar da na karanta labarinsa jikina ya yi sanyi, na je na ce Malam anya wannan aiki na ɗalibi ne kuwa? Ya ce min kai dai je ka nemo min nisansa tukuna, sauran magana daga baya.

Mataki na biyu kenan, neman nisa. Ka fara da SIMBAD, rumbun bayanan taurari da ke Strasbourg a Faransa, kyauta ne ba ka ko buƙatar rajista, ka rubuta sunan tauraron zai kawo maka duk sauran sunayensa da takardun da aka ambace shi a ciki. Ka kwafe sunayen nan duka ka ajiye, domin tauraro ɗaya zai iya samun lambar kundin HD da ta MWC da ta IRAS, kuma wani rumbun da suna ɗaya kawai ya san shi. Daga nan sai Gaia, tauraron ɗan'adam na Turai da aka harba a Disamba 2013 don auna matsayi da nisan taurari, wanda babban kundinsa na uku ya fito a Yuni 2022. Dalilin da ya sa nisa ya zo farko shi ne in ba ka san nisa ba ba ka san ainihin ƙarfin hasken tauraron ba, in kuwa ba ka san wannan ba to ba ka san ƙato ne mai nisa ko matsakaici ne na kusa ba. Shi ya sa waɗanda suke cikin Babban Gajimaren Magellan, wani ƙaramin galaksi maƙwabcin namu, ba su da wannan rigima sosai, an san nisansu kusan shekarar haske 160,000 ne, ana ganin haskensu an san gawurtattu ne. Na samu awon Gaia na yi murna na lissafa nisa na kai wa Malam, sai ya tambaye ni nawa ne RUWE ɗinsa. Ban ma san da wannan layin a jadawalin ba. Lamba ce da take nuna ko awon ya zauna daidai da tauraro guda ɗaya, in ta haura wajen 1.4 to a yi hattara, wataƙila akwai abokin zama ko wani abu da ke jirkita awon. Nawa ya haura. Ga kuma matsalar ƙura, wadda ke kan hanya tsakaninmu da shi da wadda ke jikinsa duk suna dusashe hasken kuma raba su ba sauƙi. Ƙarshenta abin da na samu tazara ce mai faɗi, gefe ɗaya ya ce matsakaici, ɗaya gefen ya ce ya kusa shiga sahun gawurtattu.

Sai mataki na uku, wanda ni da na so in tsallake shi saboda ɗokin in ga na nemi teleskof da kaina, wato tono tsofaffin bayanai. Manyan cibiyoyin kallon sama suna ba wanda ya nemi a duba masa tauraro wani wa'adi, galibi shekara ɗaya, shi kaɗai ke da bayanan, bayan nan sai a buɗe wa kowa. Na yi rajista a rumbun ESO, cibiyar kallon sama ta ƙasashen Turai, ko sisi ba a biya, cikin 'yan mintoci na shiga, na tarar an taɓa kallon tauraron nawa sau da dama da na'urar FEROS da ke kan teleskof mai faɗin mita 2.2 a La Silla ta ƙasar Chile. Ƙarfin tsaga haskenta kusan 48,000 ne, ma'ana tana iya bambance gudun da bai wuce kilomita 6 a sakan ba. Akwai kuma rumbun BeSS da ke ƙarƙashin cibiyar kallon sama ta Faris, inda har masu sha'awa da ƙananan teleskof suke zuba nasu awon, yana da amfani sosai wajen ganin yadda layin haidirojin na 6563 (tsawon zangon haskensa kenan a ma'aunin angstrom) yake canzawa shekara zuwa shekara. A nan na fara ganin faifan da idona, in dai za a kira wannan gani. Layin [O I] na 6300 ya fito da ƙahoni biyu, domin gefen faifan da ke tahowa wajenmu haskensa yana karkata ɓangaren shuɗi, wanda ke tafiya kuma ɓangaren ja. Layukan kalsiyam na 7291 da 7324 su ma ƙahoni biyu amma tazararsu ta fi faɗi, wato gas ɗin da ke fitar da su ya fi sauri, ya fi kusa da tauraron, ya fi kauri. Wannan ya dace da dokar Kepler, in nisa ya ninka huɗu gudu yana raguwa da rabi. Na yi kwana biyu ina kallon zanen nan, gaskiya ban taɓa jin daɗin karatu irin na ranar ba.

Amma a nan na yi kuskuren da nake roƙon kada wani ya maimaita. A tsakiyar ƙahonin 6300 akwai wani siririn tsini na uku, na ɗauka wani zobe ne na daban can waje mai tafiya a hankali, na yi sati uku ina gina bayani a kansa har na fara rubutawa. Da na nuna wa Malam bai ce komai ba sai ya ce in jera awon watanni daban-daban a kan juna. Na jera, ƙahoni biyun suna nan inda suke, tsinin kuwa yau yana nan gobe ya matsa. Ashe hasken sararin samaniyar duniyarmu ne, oksijin ɗin da ke can saman iskarmu shi ma yana fitar da haske a daidai 6300 ɗin nan. Da yake ana gyara awo don cire tafiyar duniya a kewayen rana, wadda ta kai kusan kilomita 30 a sakan, sai layukan tauraro su tsaya cak na sama kuma ya riƙa yawo. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, sati uku ba wasa ba ne. Ku kuma sani yankin layukan kalsiyam ɗin nan cike yake da layukan tururin ruwa na iskarmu, in ba ka cire su ba siffar ƙahonin ƙarya za ta yi maka. Sannan wani abu da ya kamata kowa ya riƙe, zoben da ke juyawa da zoben da ke buɗewa waje siffa ɗaya suke bayarwa a layi guda, ƙahoni biyu kaɗai ba hujjar juyi ba ce, sai ka haɗa layuka da yawa ko a samu awon teleskof da dama da aka haɗa haskensu wuri ɗaya.

Duk wannan ya gaya min yadda faifan yake amma bai ce komai a kan shekaru ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Hanyar da muka bi ita ce wadda Michaela Kraus ta gabatar a 2009. Kabon iri biyu ne a nan, mai nauyi 12 da mai nauyi 13. A ranarmu duk 89 na farkon akwai ɗaya na biyun. A cikin babban tauraro kuwa, yadda yake ƙona haidirojin da taimakon kabon da naitirojin da oksijin yana ƙara yawan mai nauyi 13, sannu a hankali kayan cikin suna tasowa sama, in ya amayar da su sai su shiga faifai. To a faifan akwai inda zafi ya sauko wajen digiri 2,000 zuwa 5,000, a can kabon yake haɗuwa da oksijin ya zama CO, yana fitar da jerin haske daga tsawon zango na wajen maikuron 2.29 a infirared, na mai nauyi 13 kuma yana farawa wajen 2.34. In faifan na jariri ne na 13 ɗin da ƙyar za ka gan shi, in kayan daga cikin tsohon tauraro suka fito zai tsayo a fili. Wato faifan ne yake riƙe da shaidar shekarun. A rumbu babu wanda ya taɓa duba tauraron nawa a wannan yanki da ƙarfin da ake buƙata, don haka dole a nemi lokacin teleskof.

Neman lokaci ba kuɗi ake biya ba, takarda ake rubutawa a yi gasa, kwamiti ya zauna ya zaɓa. Abubuwan da za a nema a wajenka su ne taƙaitaccen bayani, hujjar kimiyya a shafuka kaɗan da aka ƙayyade, hujjar fasaha wato me ya sa wannan na'urar kuma me ya sa awa kaza, jerin taurari da matsayinsu a sama da ƙarfin haskensu, da sakamakon manhajar lissafin tsawon ɗauka da ke shafin cibiyar. Wurare da yawa yanzu ba a yarda ka rubuta yadda za a gane ko kai wane ne ba, ko aikinka na baya za ka ambata sai ka ambace shi kamar na wani. Wa'adin rufewa kuma ba a ɗaga wa kowa ko da minti ɗaya. Takardata ta farko na tura ta saura awa biyu a rufe, hannuna har rawa yake. Na jira wajen wata uku, kullum sai na duba imel da safe. Da amsa ta zo ba a ba ni ko minti ɗaya ba. Na yi kwana biyu ban iya buɗe sharhin ba, da na buɗe kuma sai na ga gaskiyarsu. Na rubuta cewa ina so in yi nazarin faifan, na nemi na'ura biyu, na lissafa abubuwa shida da za a iya ganowa, amma babu inda na ce in an ga kaza to jariri ne in an ga kaza tsoho ne. Sun kuma lura ban nuna cewa za a iya ganin layin 13 ɗin ba ma, tunda hasken ƙura mai ɗumi yana lulluɓe layukan CO ya rage musu tsayi.

Zagaye na gaba sai bayan wata shida, kuma a nan akwai abin da ban yi la'akari da shi ba, tauraro ba ko yaushe yake sama da dare ba, akwai watannin da yake ɓangaren rana, in ka nemi zangon kallon da ba ya fitowa ka yi aikin banza. Na yi sa'a nawa yana leƙowa a ƙarshen zango na gaba. Wannan karon tambaya ɗaya na yi. Na zana hoto guda, layi biyu a kan juna, ga yadda hasken zai kasance in rabon kabon 89 ne, ga yadda zai kasance in ya sauko 20, na zuba musu hayaniyar awo daidai da abin da manhajar lissafi ta ce zan samu, kowa ya kalla ya ga ana iya bambancewa. Malam ya ba ni shawarar in sassauta sharuɗɗan yanayi, ya ce tauraronka mai haske ne a infirared, farin wata bai dame ka ba, ɗan siririn gajimare ma bai dame ka ba, kada ka nemi daren da kowa ke rububi. Na nemi awa uku. Bayan wata uku aka ce an amince amma a sahu na tsakiya, ma'ana za a yi in an samu sarari, ba alkawari ba ne.

Da yawa suna zaton daga nan sai tafiya kan dutse a kwana ana kallon sama. Ni ban je ko'ina ba, tsarin layi aka sa ni, ma'aikatan wurin ne suke ɗauka in yanayin da ka nema ya samu. Abin da ya rage gare ka shi ne shiri na biyu, kuma wa'adinsa gajere ne, sati kaɗan. Za ka tsara kowane ɗauka dalla-dalla, tsawon sakanni, sau nawa, faɗin tsagar da haske zai shiga, taswirar wurin da kibiya a kan tauraronka don kada a ɗauki maƙwabcinsa, da ɗan bayani ga mai aikin dare. A infirared sama kanta tana haske, don haka ana ɗaukar tauraron a wuri biyu a kan tsagar ana musanyawa, a cire ɗaya daga ɗaya. Ka kula da cikar na'ura, irin waɗannan taurari suna da haske sosai a wannan yanki, in ka tsawaita ɗauka za ta cika ta tumbatsa awon ya lalace. An dawo min da shirina sau ɗaya saboda taswirata babu alamar arewa da gabas, na gyara cikin awa ɗaya. Sai jira. Wata huɗu ina duba shafin, kullum babu. Akwai daren da aka fara gajimare ya rufe aka tsaya. Saura kwana tara zango ya ƙare na tashi na ga saƙo an ɗauki biyu cikin uku, na ukun bai samu ba har aka rufe. Alhamdulillahi biyun sun isa.

Ɗanyen bayani ba ya kama da komai, wasu ratsi-ratsi ne kawai a baƙin hoto. Tace shi ya ci min wata biyu, cire hayaniyar na'ura, daidaita hasken kowane ɗigo, sa ma'aunin tsawon zango, sannan babban aiki wato cire layukan iskarmu, domin wajen maikuron 2.3 methane da tururin ruwa sun cika wurin. Ana iya yi da wani tauraro mai zafi da aka ɗauka kusa da lokacin a tsayi iri ɗaya, ko da manhaja irin Molecfit da take ƙera siffar iskar ta cire. Na gwada duka biyun na kwatanta, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, inda suka saɓa to kada ka yarda da wurin. Da hasken ya fito tas na ga CO ɗin da kafaɗa a ɓangaren shuɗi da tsini a ɓangaren ja, siffar gas mai juyawa, sannan a 2.34 ga wani tudu ƙarami amma a fili. Na kira Malam a waya ko sallama ban gama ba na ce Malam ya fito. Ya ce madalla, amma ka cire Pfund? Jerin layukan haidirojin ne da suke faɗowa daidai cikin yankin CO, iskar da tauraron ke hurawa ce ke fitar da su, in ba ka sa su a lissafi ba za su ƙara wa tudun tsayin da ba nasa ba. Na sa su, tudun ya ragu kaɗan amma bai tafi ba.

Kuskure na biyu mai girma a wajen haɗa sakamako na yi shi. Na kwatanta gudun tauraron gaba ɗaya daga layukan hasken ido da wanda CO ya bayar, sai na ga bambancin kusan kilomita 80 a sakan. Gabana ya faɗi don murna, na ce shi ke nan abokin zama ne yake jan sa. Kwana huɗu ina wannan tunani kafin in gano jerin tsawon zangon da na ɗauko na sararin da babu iska ne, awon kuwa an daidaita shi da na cikin iska. Layin haidirojin 6562.8 ne a iska, 6564.6 a inda babu iska, wannan ɗan bambancin shi ne kilomita 80 ɗin nan cif. Duk lokacin da kuka ga saɓani ya kusa wannan adadi to ku fara duba nan kafin komai.

Mun rubuta takarda mun tura mujalla. A nan ne kaɗai maganar kuɗi take iya tasowa, wasu mujallu suna cajin kuɗin bugawa wasu ba sa yi, wasu kuma suna yafewa in an nema, ka tambayi malaminka tun kafin ka zaɓa ba bayan an karɓa ba. Bayan sati bakwai mai tantancewa ya amso da tambayoyi biyu masu nauyi. Na ɗaya, in gas ya yi kauri layukan kabon 12 suna ƙoshi su daina ƙaruwa, na 13 kuma su ci gaba, sai ya zama kamar 13 ɗin ya yi yawa alhali kauri ne, ya ce in nuna lissafina ya kula da haka. Na biyu, rabon da ake haihuwar taurari da shi ba 89 ba ne a ko'ina, a gajimaren da ke kusa da mu wajen 70 ne, in ka nufi tsakiyar galaksinmu kuma yana ƙara sauka, to da wanne na kwatanta? Duka biyun gaskiya ne, na yi wata ɗaya ina sake lissafi. Abin da ya tsaya bayan haka shi ne kabon 13 ya fi ƙarfin a ce faifan jariri ne, kayan daga cikin tauraron da ya yi shekaru suka fito. Amma ko gawurtacce ne shi kaɗai ko kuwa biyu ne suka yi musayar kaya, wannan nisan da bai zauna ba ya hana mu yanke hukunci, haka muka rubuta ba mu ƙara gishiri ba.

In zan ba wanda zai fara shawara, ka ba rumbun bayanai wata biyu cikakku kafin ka yi tunanin teleskof, rabin aikina a can na same shi kuma hoton da ya sa aka amince da takardata ta biyu da gudun da na auna a tsofaffin bayanan na gina shi. Ka duba ingancin nisa kafin ka dogara da shi. Duk wani sabon abu mai daɗi da ka gani a layi, ka fara zargin iskar duniya da na'ura da jerin lambobinka, ka kai wa wani ya gani a ranar, kada ka ɓoye har sai ka gama gina bayani kamar yadda na yi da tsinin nan. Takardar neman lokaci tambaya ɗaya take so, wadda amsarta za ta kashe ɗaya cikin zato biyu. Ka ajiye littafin da kake rubuta duk abin da ka yi wa bayanai da kwanan wata, domin mai tantancewa zai tambaye ka abin da ka yi wata takwas baya. Sannan ka lissafa jira a cikin tsarin karatunka, daga rubuta takarda zuwa riƙe bayanai shekara guda ba abin mamaki ba ne ko da an amince a karon farko, don haka ka riƙe wani aikin a gefe.

Yanzu gyararriyar takardar ta koma wajen mai tantancewa sati biyu kenan. Na kuma tura sabuwar buƙata a wani ƙaramin teleskof, rabin awa duk bayan sati biyu har tsawon zango, don in ga ko layukan tauraron suna kai-komo da zai nuna abokin zama, zan kuma duba ko akwai layin litiyam na 6708 da ake samu a wasu FS CMa masu abokin zama mai sanyi. Tauraron yana ɓangaren rana a yanzu, sai nan da wata uku zai fara fitowa kafin asuba.